Bishop Samuel Ajayi Crowther: Bawan da Ya Zama Makiyayi

A shafin tarihin magabata na bana mun zaɓi rayuwar wani dattijo wanda yawancinmu mun haddace sunansa tun muna firamare, wato Samuel Ajayi Crowther. Littafin makaranta ya gaya mana cewa shi ne baƙar fata na farko da ya zama Bishop a ɗariƙar Angilikan, daga nan sai ya rufe zancen. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, sau biyu aka zalunci wannan mutum: da farko masu cinikin bayi suka kama shi yana yaro, daga baya kuma 'yan'uwansa na cikin ikkilisiya suka wulaƙanta shi yana tsoho mai fiye da shekara 80. Yadda ya ɗauki waɗannan abubuwa biyu shi ne dalilin wannan rubutu.

Daga Oshogun zuwa Saliyo

An haifi Ajayi wajen shekarar 1809 a garin Oshogun na ƙasar Yarbawa, a yankin da ke cikin Jihar Oyo a yau. Zamani ne da daular Oyo ke wargajewa, yaƙi ya yi yawa, mutum kuma ya zama haja. A shekarar 1821 mahara suka faɗa wa garin da hantsi, suka cinna masa wuta, suka kama Ajayi da mahaifiyarsa da ƙannensa mata. Bai sake ganin mahaifinsa ba. Ba a jima ba aka raba shi da uwar tasa. An taɓa musanya shi da doki, da dokin bai gamsar ba aka mayar da cinikin, daga bisani kuma aka yi ta sayar da shi daga hannu zuwa hannu har ya isa Ikko, inda 'yan kasuwar Fotugal suka saye shi domin su ƙetara da shi teku.

A watan Afrilu na 1822 aka loda shi tare da sauran bayi a jirgin ruwa. Tun a 1807 Ingila ta haramta wa mutanenta cinikin bayi, ta kuma sa jiragen yaƙinta sintiri a gaɓar Afirka ta Yamma. Jiragen nan suka tare nasu tun bai yi nisa ba, wani hafsa mai suna Henry Leeke ya kwashe su, aka sauke su a Firitawun ta ƙasar Saliyo, inda ake tsugunar da 'yantattun bayi. A can yaron ya shiga hannun ƙungiyar mishan ta C.M.S., ya koyi karatu cikin 'yan watanni, ya kuma koyi aikin kafinta. Ranar 11 ga Disamba 1825 aka yi masa baftisma, ya ɗauki sunan wani limamin coci na Landan, Samuel Crowther, amma bai yar da sunansa na yanka ba. Da aka buɗe kwalejin Fourah Bay a 1827, sunansa ne na farko a rajista. Ya zama malamin makaranta, ya auri wata malama, Susan Asano, wadda ita ma daga jirgin bayi aka kuɓutar da ita, suka zauna tare kimanin shekara 50 har rasuwarta a 1880.

Komawa gida

A shekarar 1841 gwamnatin Ingila ta aika jirage uku su hau kogin Kwara domin ƙulla yarjejeniya da sarakuna a kan barin cinikin bayi a koma ga noma da halattaccen ciniki. Crowther ya bi su tare da wani Bajamushe mai bishara, J. F. Schön, wanda daga baya ya wallafa nahawun Hausa a 1862 da ƙamus a 1876. Tafiyar ba ta yi daɗi ba, domin zazzaɓi ya kashe Turawa fiye da 40. Wannan asara ta sa shugabannin C.M.S. suka gane cewa da ɗan gari akan ci gari: in bishara za ta shiga cikin ƙasa, sai dai 'yan Afirka su kai ta. Aka kira Crowther Landan, aka keɓe shi limamin ikkilisiya a 1843, a shekarar nan kuma ya buga littafinsa na kalmomin Yarbanci.

A 1846 ya isa Abekuta. A nan ne, bayan shekara 25 da rabuwa, aka kawo masa wata tsohuwa, sai ga shi mahaifiyarsa ce. Bayan shekara biyu aka yi mata baftisma da suna Hannatu. Duk mai karanta Littafi Mai Tsarki zai tuna da Yusufu, wanda aka sayar zuwa Masar, Allah kuma ya mai da muguntar mutane ta zama hanyar ceton danginsa. Crowther ya dawo ƙasar da aka sayar da shi da ilimi da daraja, yana da kunnen manyan Ingila, har a 1851 ya gana da Sarauniya Biktoriya ya karanta mata Addu'ar Ubangiji da Yarbanci. Bai yi amfani da wannan dama wajen farautar waɗanda suka ƙona garinsu ba. Ya yi amfani da ita wajen yaƙar cinikin kansa, yana bayyana wa hukumomin Ingila yadda ake ci gaba da fitar da bayi ta Ikko, yana kuma ƙarfafa noman auduga domin mutane su sami abin sayarwa wanda ba ɗan'uwansu ba ne.

Aikin kogin Kwara

A 1854 ya sake hawa kogi tare da Likita William Baikie, suka shiga Binuwai, wannan karon kuwa ba wanda ya mutu, saboda suna shan kwinin kullum. A 1857 aka kafa mishan na kogin Kwara a ƙarƙashinsa, ma'aikatansa duka baƙar fata, yawancinsu daga Saliyo. Suka fara da Anaca. A wannan tafiya jirginsu ya bugi dutse kusa da Jabba ya nutse, suka yi watanni masu yawa a ƙasar Nufawa suna jiran wani jirgin. Crowther ya mai da zaman jiran ya zama makaranta, ya duƙufa a kan harshen Nufanci, wanda daga baya ya buga nahawunsa da kalmominsa a 1864. Shi ne kuma jigon fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Yarbanci, wadda aka kammala a shekarun 1880.

Sakataren C.M.S. na lokacin, Henry Venn, yana da ra'ayin cewa ikkilisiyar Afirka ta riƙe kanta da kuɗinta, ta mulki kanta, ta kuma yaɗa bishara da kanta, Turawa su zama kamar katakon da ake kafawa lokacin gini a kwance shi in an gama. Saboda haka ya dage sai an naɗa Crowther Bishop. Wasu Turawan mishan na Abekuta, musamman Henry Townsend, suka ƙi yarda su zauna ƙarƙashin baƙar fata. An keɓe shi ranar 29 ga Yuni 1864 a babbar majami'ar Kantabari, Jami'ar Oksfod ta ba shi digirin girmamawa, Leeke da ya ciro shi daga jirgin bayi yana cikin taron. Sai dai an yanka masa yankin aiki ta yadda Turawan ƙasar Yarbawa ba su shiga ƙarƙashinsa ba. Tun ranar murnar, ke nan, an shuka irin abin da zai tsiro daga baya.

Aikin bai zo da sauƙi ba. A 1867 wani basarake a yankin Ida, mai suna Abokko, ya tsare shi da ɗansa Dandeson yana neman fansar fam 1,000. Crowther bai yarda a biya ba, domin ya san in aka biya sau ɗaya kowane mai bishara ya zama abin farauta. Wani jami'in Ingila, William Fell, ya rasa ransa da kibiya mai dafi wajen kuɓutar da su. A Boni da Baras na bakin teku kuwa, yawancin waɗanda suka fara karɓar bishara bayi ne, ikkilisiya ta zama wurin da bawa da ubangidansa ke zama a kan benci ɗaya, aka kuma yi ta fama da al'adar kashe tagwaye.

Akwai wani ɓangare na rayuwarsa da ya shafe mu kai tsaye, mu da muke zaune Kirista da Musulmi a unguwa ɗaya, wani lokaci ma a gida ɗaya. A labarin da ya rubuta na kama shi, ya ambata cewa akwai Musulmi cikin maharan da suka ƙona Oshogun. Duk da haka bai ɗora laifin wasu a kan al'umma gaba ɗaya ba. Daga Lakwaja yakan je Bida ya gaida Etsu Masaba, yana ba sarakuna kyautar Littafi Mai Tsarki na Larabci, yana kuma hana ma'aikatansa zagi da gardamar cin fuska. A 1872 ya zauna a fadar Sarkin Ilori, malamai suka yi masa tambayoyi, ya amsa ta hanyar karanta nassi cikin ladabi, aka rabu lafiya ba wanda ya bar addininsa. Amincin ya kai har a shekarun 1880 Etsu Maliki ya aika masa da wasiƙa yana roƙonsa ya kai kuka ga Sarauniyar Ingila a hana shigo da barasa ƙasar Nufawa. Sarki Musulmi ya ga cewa Bishop ɗin nan ne zai isar masa da saƙo da amana.

Rauni daga cikin gida

Venn ya rasu a 1873, zamani kuma ya juya. Kwinin ya sa Turawa sun daina tsoron kogi. Kamfanin George Goldie, wanda ya sami izinin sarauta a 1886, yana korar 'yan kasuwa baƙar fata daga Kwara. Bayan taron Balin na 1884 zuwa 1885 Turai ta shiga rabon Afirka, ra'ayin cewa baƙar fata bai isa shugabanci ba ya bazu har cikin ikkilisiya. A 1878 aka sayi jirgin ruwa domin mishan, amma aka danƙa shi da sha'anin kuɗi a hannun wani Bature wanda ba limami ba ne. Sannu a hankali Bishop ya wayi gari ba ya iko da jirgin da zai kai shi wurin tumakinsa, ba ya kuma iko da albashin ma'aikatansa.

Gaskiya ta wajaba a faɗe ta duka: akwai ɓaraka a mishan ɗin. Albashi kaɗan ne, wasu ma'aikata suka koma kasuwanci, wasu suka faɗa shaye-shaye da lalata. Crowther yana zaune a Ikko, yakan zagaya tashoshi ne in ruwa ya kawo, kuma mutum ne mai sanyin hali wanda ya fi son gargaɗi da sauya wa mai laifi wuri a kan kora. Mafi muni shi ne abin da ya faru a Anaca, inda wasu ma'aikatan mishan biyu suka azabtar da wata yarinya da ke hannunsu har ta mutu, kuma sai bayan shekaru, a 1882, kotu a Saliyo ta hukunta su. A wannan wuri haƙurin dattijon ya yi yawa. Yafe wa mai ƙarfi ba tare da an bi kadin marar ƙarfi ba, wannan ba gafarar da Almasihu ya koyar ba ce, domin jinin yarinyar nan yana da haƙƙi a kan ikkilisiya.

Amma hanyar da aka bi wajen gyara ta zama wani zalunci. A 1880 wani Bature ya rubuta rahoton zarge-zarge ya aika Landan, ba a ba waɗanda ake tuhuma damar gani su kare kansu ba, aka haɗa mai laifi da marar laifi aka yi musu kuɗin goro. A 1890 wasu samari masu zafin kishin addini suka iso, cikinsu akwai Graham Wilmot Brooke, ɗan shekara 25, da J. A. Robinson da F. N. Eden. Burin Brooke da Robinson shi ne su kai bishara ƙasar Hausa, har suka riƙa sa riga da rawani a Lakwaja. Da isowarsu suka yanke hukuncin cewa aikin shekara 33 na baƙar fata ba shi da tsarki. Suka hana mutane da yawa Jibin Ubangiji, suka rufe makarantar horar da ma'aikata da ke Lakwaja. Crowther kuwa shi da kansa ya daɗe yana roƙon a turo masa Turawa su taimaka, bai yi zaton za su zo su zama alƙalansa ba.

A watan Agusta 1890 aka yi taron kwamitin kuɗi a Anaca, Bishop yana kan kujerar shugabanci. Eden, a matsayinsa na sakatare, ya dakatar da limaman da Bishop ya keɓe da hannunsa. Crowther ya tunatar da su cewa a tsarin ikkilisiya wannan hurumin Bishop ne. Ba su saurare shi ba, har aka dakatar da ɗansa Dandeson, babban mataimakinsa a yankin bakin teku, a gaban idonsa. Tsohon ya ajiye shugabancin kwamitin. Hausawa sun ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Robinson ya rasu a Lakwaja a 1891, Brooke ya bi shi a 1892, ba su kai Kano ba.

Yadda ya ɗauki abin

A lokacin Ikko ta ɗauki zafi. Jaridu suna rubutu, wasu suka fice suka kafa ikkilisiya mai zaman kanta a 1891. Da Crowther ya ɗaga hannu, da dubbai sun bi shi sun bar ɗariƙar. Bai yi haka ba, bai kuma zagi samarin nan ba. Amma bai yi shiru ya ce ba komai ba. Ya rubuta wa Landan ya bayyana abin da ya faru dalla-dalla, ya tsaya a kan cewa kowane wanda ake zargi yana da haƙƙin a ji ta bakinsa, ya kuma goyi bayan ikkilisiyoyin bakin teku su riƙe kansu da kuɗinsu su mulki kansu ba tare da sun fita daga Angilikan ba, wato ainihin abin da Venn ya koya masa. A 1891 ciwon shanyewar jiki ya kama shi, ya rasu a Ikko ranar 31 ga Disamba 1891. Bayan wata huɗu, a Afrilu 1892, Dandeson ya ƙaddamar da wannan tsari na bakin teku.

C.M.S. ta naɗa Bature ya gaje shi, J. S. Hill, bayansa kuma Herbert Tugwell, wanda ya jagoranci tafiyar mishan zuwa Kano a 1900 tare da Likita Walter Miller na Zariya. Baƙar fata aka mai da su mataimakan Bishop. Sai a 1952, bayan shekara 60, aka sake ba ɗan ƙasa cikakken riƙon dayosis a Nijeriya. A 1979 ikkilisiyar Angilikan ta Nijeriya ta sami cin gashin kanta. Jikan Crowther, Herbert Macaulay, ya zama ɗaya daga cikin iyayen gwagwarmayar neman 'yancin ƙasar nan. A ƙarshen Yuni 2014 kuwa, a majami'ar da aka keɓe shi shekara 150 da suka wuce, Justin Welby, wanda yake Akbishop na Kantabari a lokacin, ya jagoranci sujadar godiya da tuba, ya amsa a bainar jama'a cewa ikkilisiyar Ingila ta ci amanar wannan bawan Allah, ya nemi gafara. Gaskiya dokin ƙarfe ce, amma wannan karon ta yi shekara fiye da 120 a hanya.

Abin da ya rage mana

Mun ga a rayuwar Crowther cewa yafewa da neman adalci ba kishiyoyi ba ne. Ya yafe wa masu cinikin bayi, ya kuma yi shekara 50 yana yaƙar cinikin. Ya yafe wa samarin da suka kunyata shi, ya kuma rubuta gaskiyar abin da suka yi domin na baya su sani. A majami'unmu akan gaggauta ce wa wanda aka cuta ya yi haƙuri ya bar wa Allah, alhali ba a ce wa wanda ya yi cutar ya tuba ya mayar da abin da ya ƙwace ba. Gwauruwar da dangin miji suka ƙwace wa gona, da yarinyar aikin da ake duka a gidan dattijon ikkilisiya a birni, da mai bishara na ƙauye da ke bin albashin wata shida, duka ana karanta musu ayoyin gafara. Su ma suna da haƙƙin a karanta wa ɗaya ɓangaren ayoyin adalci.

Mun kuma ga yadda kwamitin kuɗi ya fi ƙarfin Bishop. Duk inda mai riƙe da jaka ya zama shi ne mai yanke hukunci a kan waye tsarkakakke, to gyara ya koma mulki. Ku 'yan'uwa da ke birane, ku ne kuke aiko da kuɗin kwano da siminti da albashin ma'aikata, Allah ya sāka muku. Amma dattijon da ya yi shekara 30 yana riƙe da 'yar majami'ar laka kafin kuɗinku ya iso, a tuntuɓe shi kafin a rushe abin da ya gina, in kuma an zarge shi da wani abu a kira shi a ji ta bakinsa, kada rahoto ya wuce ta bayansa. Su kuma dattawa su tuna da yarinyar Anaca, kada kunya da zumunci su sa a binne laifin da ya taɓa marar gata.

Kalandar wasu ikkilisiyoyin Angilikan tana tunawa da Crowther ranar 31 ga Disamba, daidai daren da yawancinmu muke gida muna sujadar shiga sabuwar shekara. Wanda yake da ɗan'uwan da ba sa ga maciji saboda rikicin kwamiti ko na gado, ya neme shi kafin wannan dare, wanda kuma ya san yana riƙe da haƙƙin wani ya mayar tun mai haƙƙin yana da rai, kada ya bar wa jikoki aikin neman gafara. Allah ya ba mu zuciyar yafewa da ƙarfin halin faɗin gaskiya, ya kiyaye ku a wuraren da kuke, ya kuma dawo mana da ku gida lafiya. Amin.